Yadda Ake Shirya Tseren Tara Kuɗi Don Ɗaliban da ke Tarbar 'Yan Gudun Hijira

Tambayar nan ta yawaita daga ɗalibai, wasu daga Maraɗi da Diffa, wasu daga Sakkwato da Maiduguri: muna da ƙungiyar sa-kai da ke tarbar 'yan gudun hijira, aljihunmu ya bushe, yaya ake shirya tseren gudu na tara kuɗi? Ga amsar daki-daki. Na ɗauki Maraɗi a matsayin misali, domin tun 2019 jihar ke karɓar dubun-dubatar mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Wanda ke Nijeriya zai ga inda na nuna masa ofishin da ya yi daidai da nasa.

Ku riƙe wannan tun yanzu: ba a ranar tsere ake samun kuɗi ba. Ranar tsere kashewa ake yi. Kuɗin yana shigowa ne a makonnin da suka gabace ta, shi ya sa nake cewa ku ba kanku mako 10 cif.

1. Ku rubuta abin da kuɗin zai yi

Kafin a yi zancen hanya ko riga, ku zaunar da masu aikin sa-kan su faɗi da bakinsu abin da ke fita daga aljihunsu a wata. Yawanci ƙananan abubuwa ne masu cin rai: kuɗin mota zuwa Gidan Rumji da garuruwan da aka tsugunar da baƙin, irin su Garin Kaka da Chadakori, kuɗin kabu-kabu a cikin gari, katin waya, fotokofi, ɗaukar hoton takardu, alli da littattafan rubutu, sai abincin rana. Yawancin baƙin nan Hausawa ne, harshe ɗaya muke yi da su, amma takardar asibiti da ta makaranta da ta haihuwa duk da Faransanci ake rubuta su, wanda ya yi boko a cikinsu kuwa da Turanci ya yi. Nan ne ɗalibi ke da rana: ya raka uwa asibiti ya karanta mata takardar magani, ya zaunar da yara ya koya musu Faransancin da za su shiga aji da shi.

Ku haɗa kuɗin wata, ku ninka sau 6 ko sau 12, ku ɗora kashi 10 cikin ɗari saboda tashin farashi. Abin da ya fito shi ne abin da kuke nema. Ku mayar da shi jimla ɗaya wadda mai shayi zai gane: ɗalibai kaza, za su je garuruwa kaza, na tsawon wata kaza, a kan kuɗi kaza.

Hattara: kada ku yi alkawarin abinci, tanti ko magani. Wannan ya fi ƙarfin tsere ɗaya, kuma akwai masu yinsa. Ku je ofishin HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da na CNE, hukumar ƙasa mai tantance su, ku tambayi inda giɓi yake. A Nijeriya hukumar ƙasar ita ce NCFRMI. Ba a shiga garuruwan nan da sunan aiki ba da saninsu ba.

2. Ku kafa kwamiti, ku ɗaure hannun kuɗi

Mutum 7 sun isa: shugaba, ma'aji, magatakarda, mai kula da hanya, mai ruwa da lafiya, mai neman tallafi, mai shela. A samu mata aƙalla biyu a ciki, in ba haka ba za ku shirya tseren da mata ba za su zo ba. A samu ɗan gudun hijira aƙalla ɗaya mai cikakkiyar murya, wanda in ya ce a'a za a tsaya. Ku bincika ko akwai ɗaliban DAFI a jami'arku, wato masu tallafin karatun da gwamnatin Jamus ke biya wa 'yan gudun hijira tun 1992 ta hannun HCR. Sun san gida biyu. Sannan ku nemi malami ɗaya mai mutunci ya zama uban tafiya, domin akwai ƙofar da ɗalibi zai yini a bakinta, malami ya shiga cikin minti biyar.

Batun kuɗi a gama shi a zama na farko, tun kowa na dariya. Asusu ɗaya, mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da ko dala sai biyu sun sa. Littafin rasit mai kwafi da lamba a jere, da hatimi. In ƙungiyarku ba ta da rajista, ku fake ƙarƙashin jami'a ko wata ƙungiya mai rajista, a rubuta yarjejeniyar a takarda.

Hattara: kada a buga lambar wayar da mutum ke harkokinsa da ita a matsayin wurin turo kuɗi. Ko mutumin waliyyi ne, kuɗin gidansu zai cakuɗe da na tsere, ranar lissafi a rasa ta cewa. A buɗe layi na musamman, wayar ta zauna wurin ma'aji, magatakarda ya riƙa kwafe saƙonnin shigar kuɗi kowace yamma.

3. Rana, lokaci da tsawo

Kowa zai ce a yi ranar 20 ga Yuni, ranar 'yan gudun hijira ta duniya. Ni ban ba da shawarar haka ba. Yuni a Maraɗi zafi ne da hadari, ga jarrabawa a wuya. Afrilu da Mayu kuwa zafi na wuce digiri 40, ba a ma kawo su. Ku yi tseren da sanyi, ku bar 20 ga Yuni ta zama ranar da za ku fito ku nuna abin da kuɗin ya yi.

Cikin sanyin ma sai an duba. A shekarun nan ƙarshen Disamba na gasar kokawar takobi ne, hankalin ƙasa da na gidajen rediyo da na masu ba da tallafi duk yana can. Azumi kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, yanzu ya fara cin ƙarshen sanyi. Tsakiyar Janairu ta fi zama lafiya. Ku zaɓi Asabar ko Lahadi, ku guji Litinin da Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci. A tashi da ƙarfe 7 na safe, gari ya waye, a gama komai kafin 9:30.

Tsawo: kilomita 5 ga masu gudu, kilomita 2 ga masu tattaki. Kada ku raina tattakin, shi ne ke kawo malamai, iyaye mata da alhazai, su ne kuma masu kuɗin. Kilomita 10 sai kun ƙware. Wanda ya kalli gudun fanfalaki na Legas, da ake yi tun 2016, ya ce sai an yi irinsa, a tuna masa banki ne ke bayan wancan.

4. Hanya

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda ba ta fita daga harabar jami'a ko filin wasa ba. Zagayen fili mai ƙa'ida mita 400 ne, kilomita 5 ke nan zagaye 12 da rabi. Aibinsa, in mutane sun yi yawa ƙirga zagaye ya zama rigima, kuma gari bai gan ku ba. Abin da na fi so shi ne a tashi daga harabar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wani fili sananne, a yi da'ira ɗaya a dawo inda aka tashi. Wurin tashi da wurin ƙarewa in suka zama ɗaya, rumfa ɗaya ce, lasifika ɗaya, masu gadin jakunkuna ɗaya.

Ku auna da babur sau biyu, ku sake aunawa da taswirar waya, ku ɗauki tsaka-tsaki. Sannan ku taka hanyar da ƙafa a irin ranar da irin lokacin da za a yi tseren. Hanyar da ta yi shiru ranar Laraba da rana tana iya zama mashigar shanu ko layin masu ɗiban ruwa ranar Asabar da safe. Ku rubuta kowace mahaɗa, kowane rami, kowane wuri mai rairayi. Yawan mahaɗu shi zai gaya muku yawan masu tsaron hanyar da kuke bukata: mutum ɗaya a ƙaramar kwana, biyu a babba, da ɗan sanda a inda motoci ke gudu.

Hattara: kada ku bi ta ƙofar asibiti, tasha ko babbar hanyar manyan motoci. Kada kuma sha'awa ta sa ku kai tseren ƙauyukan bakin iyaka. Tara ɗaruruwan mutane a can, a rana da lokacin da aka yi shela a rediyo, ganganci ne.

5. Izini

Takardu su fita mako 8 kafin ranar. Jerin ya kamata ya bi haka: hukumar jami'a da CROU, ofishin da ke kula da walwala da wasannin ɗalibai, ofishin magajin gari, ofishin gwamna, 'yan sanda, ofishin matasa da wasanni na jiha, 'yan kwana-kwana. A Nijeriya ku fara da shugaban sashen harkokin ɗalibai, sai DPO na yankin da jami'an kiyaye haɗurra, a Kano a haɗa da KAROTA. Kowace takarda ta ɗauki rana, lokaci, taswirar hanya, adadin mutanen da ake sa rai, sunayen masu ɗaukar alhaki, kuma ta faɗi ƙarara cewa za a tara kuɗi da abin da za a yi da shi. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da ita.

Akwai izinin da ba a rubutawa. Ku je gaisuwa fada, ku je wurin masu unguwannin da za a ratsa, ku je wurin limamai. Ku gaya wa liman yadda aka tsara fitar mata da irin suturar da za a sa, tun kafin wani ya kai masa labarin a karkace.

Hattara: "ba matsala, ku je ku yi" ba izini ba ne. Wanda ya faɗa muku haka zai iya yin tafiya ranar, wanda ke bakin aiki kuma takarda zai tambaya. Kada ku buga sanarwa da kwanan wata sai takardar amincewa ta shigo hannu.

6. Lissafin shiga da fita

Nan ne yawancin tsere ke mutuwa, kuma riga ce ke kashe shi. Bari mu ƙaddara lambobi don a ga yadda abin yake, ku kuma ku shiga kasuwa ku sa farashin makonku. A ce mutum 200 sun yi rajista. Ɗalibai 150 sun biya dala ɗari-ɗari, wato sefa 500, an samu 75,000. Ma'aikata da 'yan kasuwa 50 sun biya jaka biyu-biyu, an samu 100,000. Jimla 175,000. In kuka ce kowa sai ya sa riga mai tambari, a ce kowace ta tsaya a 1,500, kun kashe 300,000. Ba a sayi ruwa ba, ba a yi hayar lasifika ba, kun riga kun ci bashin 125,000 da sunan taimako.

Don haka doka biyu. Ta farko: ba a taɓa kuɗin rajista da na gudummawa don hidimar taro, hidima ta fito daga masu ɗaukar nauyi. Ta biyu: in dole sai an taɓa, kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, kuma a faɗa wa jama'a tun farko.

Abin da ba makawa sai da shi: ruwa, ƙanƙara, kayan agajin gaggawa, lambar ƙirji da fil, igiya, usur, lasifika, tebura, rumfa ɗaya ko biyu, man babur da na mota, littattafan rasit, buhunan kwashe shara. Lambar ƙirji a yanka farin yadi mai araha a rubuta da alƙalamin maka, ta wadatar. Alamar hanya a yi da farar ƙasa ko toka. Usur da agogon awo kuwa malaman motsa jiki na makarantun sakandare suna da su, kuma sun fi kowa iya tsayar da layin tashi, ku gayyace su. Riga a yi wa masu tsaron hanya kawai don a gane su. In wani kamfani ya ce zai yi wa kowa da tambarinsa, madalla, shi ya biya tela da mai bugu kai tsaye.

7. Neman masu ɗaukar nauyi

Ku roƙi kaya kafin ku roƙi kuɗi. Mai kamfanin ruwan leda ya fi saurin ba da ɗauri 40 a kan ya ƙirgo kuɗinsu. Mai gidan burodi, mai kantin magani, mai gidan mai, mai hayar rumfa da kujeru, kowa a tambaye shi abin da ke shagonsa. Kamfanonin waya da bankuna da kamfanonin aika kuɗi suna da tsarin takarda mai ɗaukar lokaci, su ne za ku fara rubuta wa, mako 9 kafin ranar.

Alhazan gari kuwa ba a aika musu takarda a zauna jira. Ana zuwa ne, da dattijon da suka sani, a lokacin da suke zama. Bayan gaisuwa maganar kada ta yi tsawo: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Yaranka ne na jami'a da ke raka baƙin nan na Zamfara asibiti da makaranta. Kuɗin motarsu na wata shida muke nema, ga lissafin. In an gama za mu dawo mu nuna maka inda kowace dala ta shiga." Ku ajiye masa takardar, ku tambayi yaron da za ku riƙa tuntuɓa. Wani zai ce kada a ambaci sunansa, ku kiyaye masa.

Hattara ta farko: kyautar waɗanda suka yi nasara kada ta fito daga kuɗin rajista. Malamai da yawa suna ganin in 'yan takara suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwasa, an shiga caca. A samu wani daban ya ba da kyautar, buhun shinkafa ne, turmin atamfa ne, keke ne, a kuma rubuta a takardar rajista cewa abin da aka biya sadaka ce.

Hattara ta biyu: in wani ya ce zakka ce ya ba ku, ba ta shiga asusun hidima. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. A ware ta, a tambayi malami, a kai wa mabukatan cikin baƙin a hannu.

Hattara ta uku: ɗan siyasa yana iya bayarwa, amma hotonsa ba ya hawa rumfa.

8. Rajista, katin alkawari da shela

A buɗe rajista mako 5 kafin ranar, a rufe saura kwana 3. Tebur a ƙofar jami'a, tebur a bakin kasuwa, da layin wayar nan na musamman. Takardar ta ɗauki suna, shekaru, lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, da tambaya a kan asma, sikila, hawan jini da ciwon zuciya. Wanda bai kai 18 ba sai da sa hannun uba ko uwa.

Asalin kuɗin yana cikin katin alkawari. Kati ne mai layi 10 da lamba da hatimi, ana ba duk wanda ya yi rajista. Ya kai wa kawu, gwaggo, maƙwabci, mai shagon unguwa: zan yi gudun kilomita 5 saboda baƙin nan, nawa za ka sa mini? Mu sake ƙaddarawa: in mutum 100 kacal suka cika katinsu, kowane layi sefa 250, an samu 250,000, ya zarce kuɗin rajistar gaba ɗaya ba tare da an matsa wa kowa ba. 'Yan uwa da ke Yamai, Kano, Agadas ko ƙetare su turo ta waya, a rubuta a katin wanda ya jawo su. A ware kyauta ɗaya mai kyau ga wanda ya fi tarawa, a kira shi gaban jama'a kafin a kira wanda ya fi gudu.

Hattara: a karɓi kuɗin a lokacin da aka rubuta suna. Alkawarin "in ka gama gudun ka zo" rabinsa ba ya dawowa. Kuma kowane kati sai ya dawo, cike ko fanko, kafin a ba mutum lambar ƙirjinsa. Katin da ya ɓace da hatiminku yana iya yawo a gari wata uku ana karɓar kuɗi da sunanku.

Shela: rediyon gari da Hausa, sanarwa bayan sallar Juma'a in liman ya yarda, coci ranar Lahadi, zaurukan WhatsApp na ajujuwa, da mai shela a kasuwa. Saƙon murya na minti ɗaya ya fi hoton sanarwa tafiya.

9. Ruwa da lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan matakin a kammala shi saura mako 2. Ku lissafa leda 3 ta rabin lita ga kowane mai gudu. Mutum 200 leda 600 ke nan, ku ƙara 200 saboda ma'aikata da jiƙa jiki, 800, wato ɗauri 40 in ɗauri na da 20. Teburin ruwa uku: wurin tashi, tsakiyar hanya wajen kilomita 2 da rabi, da wurin ƙarewa. Masu miƙa ruwa su tsaya a gefe ɗaya su miƙa da hannu, a sa yara biyu da buhu bayan kowane tebur suna tsince leda, domin jiƙaƙƙiyar leda a kan kwalta tana kayar da mutum.

A samu ma'aikacin jinya aƙalla biyu, ɗaya a wurin ƙarewa ɗaya a motar da ke bin na ƙarshe. Ku nemi 'yan agajin Kuros Ruj, wato Red Cross, ko na ƙungiyoyin addini, sun saba da taro. Motar ɗaukar mara lafiya ta tsaya da direbanta a ciki, fuskarta na kallon hanyar fita, kuma a sanar da asibitin da ya fi kusa tun jajibiri. A tanadi bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, ƙanƙara a kula, da ruwan gishiri da sukari. In babu na fakiti, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Kowane mai tsaron hanya ya san wannan: wanda ya fara tangaɗi, ko yana magana ba kan gado, ko ya faɗi jikinsa ya yi zafi rau, zafi ne ya buge shi ko da gari da sanyi. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a kwarara masa ruwa, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, a kira mota. Sanyayawa ake fara yi, ba a jira sai an isa asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Hattara: in aka wayi gari da ƙura mai kauri ta hunturu, masu asma su koma tattaki ko su zauna. In ta yi tsanani har ba a hango ƙarshen layi, a ɗage. Ku sa ranar madadin a cikin takardar izini tun farko. Masu sikila su tambayi likitansu kafin su yi rajistar gudu.

10. Baƙin da ake yi dominsu

A gayyace su su yi gudu ko tattaki kamar kowa, kyauta, da lamba irin ta kowa. Jigilarsu ta bi ta hannun hukumomin da ke kula da su. Kada a jera su a gaban rumfa ana nuna su, kada a miƙa wa wata baiwar Allah makirfo a ce ta ba da labarin daren da aka shiga garinsu. In wani cikinsu ya so yin magana don kansa, a bar shi ya zaɓi abin da zai faɗa.

Hattara: hoto da suna da sunan ƙauyen da mutum ya baro ba sa hawa Facebook sai da yardarsa, yara kuma sai da yardar iyaye. Da yawa suna da 'yan uwa a can, waɗanda suka kore su kuma suna da infoma da wayoyi. Ku gaya wa masu ɗaukar hoto da 'yan jarida wannan kafin a fara, mutum ɗaya ya tsaya a kansa.

11. Jajibiri da safiyar tsere

Da yammacin jajibiri a raba lambobin ƙirji, a zuba alamar hanya, a tara masu tsaro kowa a kai shi inda zai tsaya ya gani da idonsa, a karɓi lambar wayarsa. A gwada lasifika da janareto. A kira 'yan sanda da direban motar asibiti a tuna musu.

Da safe kwamiti ya iso bayan sallar asuba. 6:15 ruwa ya isa tebura. 6:30 babur ya zaga hanyar ya tabbatar kowa na wurinsa. 6:45 addu'a da jawabi ɗaya na minti 3. Manyan baƙi su yi nasu jawabin bayan an dawo, in ba haka ba rana za ta tarar da mutane a tsaye. Ƙarfe 7 maza masu gudu su tashi, bayan minti 5 mata, bayan wasu 5 masu tattaki. Babur ɗaya a gaba, mota ɗaya a baya, ba a buɗe hanya sai motar bayan ta wuce. Na gaba zai dawo cikin minti 20 ko ƙasa, na baya yana iya kai awa ɗaya, ruwa da tafi su jira shi.

A wurin ƙarewa a ja igiya biyu su yi siririn lungu yadda mutane za su shigo ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya na kiran lamba, ɗaya na rubutawa, ɗaya na ɗaukar bidiyo da waya daga gefe. Bidiyon ne zai raba gardamar wa ya riga wa. Akwatin gudummawa ya zama mai kwaɗo, makullin na hannun uban tafiya, a buɗe shi gaban mutum uku a ranar, a ƙirga, kowa ya sa hannu. Kafin a watse a share hanyar tas.

12. Hisabi da rabon kuɗi

Cikin kwana 7 a fitar da shafi ɗaya: abin da ya shigo daga rajista, daga katuna, daga akwati, daga masu ɗaukar nauyi, har da kayan da aka bayar da ƙimarsu, abin da ya fita da rasit ɗinsa, abin da ya rage. A manna a allon sanarwa, a tura a zaurukan da aka yi shela, a karanta a rediyon da ya yi muku talla. In ba a kai abin da aka nema ba a faɗi haka, a faɗi wane aiki za a rage. Alhazai da kamfanoni a koma musu da ƙafa, da takardar godiya da kwafin lissafin.

Kuɗin ba a raba wa masu sa-kai shi a dunƙule. Wata-wata ake fitarwa, a kan aikin da aka tsara: wa zai je ina, yaushe, nawa ne kuɗin mota. Wanda ya dawo ya cika 'yar takarda, rana, gari, aikin da ya yi, da sa hannun wanda ya tarbe shi a can. Kabu-kabu ba ya ba da rasit, don haka kwamiti ya tsayar da farashin kowace tafiya a rubuce, a sake duba shi in mai ya tashi. Ba albashi ba ne, mayar wa mutum abin da ya kashe ne, a faɗi wannan ga duk sabon shiga.

Ɗalibai suna gama karatu su tafi. Saboda haka taswirar hanya, kwafin takardun izini masu hatimi, sunayen waɗanda suka ba da tallafi da abin da kowa ya bayar, ragowar katuna da littattafan rasit, duk a haɗa su a fayil ɗaya a ajiye a ofishin uban tafiya, a ɗauki hotonsu a adana a intanet. A canza masu sa hannu a asusu kafin 'yan ajin ƙarshe su fara jarrabawa, kuma a sa 'yan aji ɗaya ko biyu aƙalla mutum biyu a cikin sabon kwamitin.